Zaren rama a cikin takarda: yauƙin kuɓewa ya raba gardama

Alhamdu lillahi, yau dai takardar da nake haɗawa da hannu daga tsofaffin takardu ta fito. Ana ninke ta a warware a sake ninkewa, ba ta tsagewa. Kun san halin tsofaffin takardu, zarensu ya riga ya gajarce, suna bushewa sai su karye a wurin ninki. Sai an haɗa da dogon zare, kuma ɓawon karan rama, wanda ake tufka igiya da shi, ya fi tuƙar rake nesa ba kusa ba. Rake totuwa ta yi masa yawa, ƙarfi kaɗan yake ƙarawa.

Awon da na tsaya a kai: busasshiyar takarda giram 70, busasshen ɓawo giram 30. A yanka ɓawon kamar santimita 2, ya kwana a ruwa, a dafa da kanwa har ya riƙa rabuwa tsakanin yatsu. Kanwa ba ta da kaifi sosai, dahuwar tana jan lokaci, gawayin da ta ci kuwa ya taɓa aljihu. Kada a dafa a tukunyar alminiyam, kanwa na cin ta. A ɗauraye har santsin ya fita, sannan turmi.

Inda abin ya tsaya mini a wuya shi ne cikin baho, inda ake dama dakakkiyar takardar da zaren a ruwa, a tsoma raga a ɗebo ya zama fallen takarda. Zaren rama dunƙulewa yake yi kamar gashin da ba a taje ba, ya nutse kafin a tsoma raga. Takarda ta fito nan kauri, can har ana hango haske, kuma nan take yagewa. Ƙarin daka ya rage, bai kawar ba. Blanda kuwa sai ya nannaɗe a wuƙarta.

Kuɓewa ce ta warware. A yayyanka ɗanya guda 6 ko 7 a ruwan sanyi lita 1, bayan 'yan awanni a tace da ƙyalle, a riƙa zuba yauƙin kaɗan-kaɗan ana motsawa. Yana hana zare kama juna, yana rage gudun tsiyayar ruwa, sai a sami damar girgiza raga gaba da baya da gefe. Zafi na kashe yauƙin, wanda ya daɗe a ajiye ma ya zama ruwa, don haka a jiƙa sabo. In ya yi yawa, takarda ta ƙi sakin raga.

Saura lanƙwashewa. Iskar hunturu na busar da baki kafin tsakiya, shi ya sa wannan zubin yana danne a ƙarƙashin katako da bulo.