Awon tabon zuciya da MRI: wuraren da lamba ke kaucewa

Takarda kan fito daga ɗakin hoton MRI, na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, da jimla ɗaya: tabo ya ci kashi 15 cikin 100 na tsokar babban ɗakin hagu na zuciya. Likita a Birnin Kebbi ko Yauri zai ɗora shawararsa a kan wannan lamba, alhali hoto ɗaya a hannun mutum biyu masu bin hanya daban yana iya ba da lamba, ya kuma ba da ninkinta. Darasin da aikin nan ke ta maimaita wa masu yin sa shi ne, lambar ba ta da amfani sai an san yadda aka same ta.

Gadoliniyom, maganin da ake zubawa ta jijiya don haska hoto, ba ya shiga cikin lafiyayyar ƙwayar tsoka. A tsakanin ƙwayoyin yake yawo, jini kuma na kwashe shi da wuri. Inda tsoka ta mutu ta zama tabo, fili ya fi yawa, sai maganin ya taru ya yi nawar fita. Shi ya sa tabo ke fitowa fari fat.

Kuskure na farko kan faru tun ba a shiga na'ura ba. Ana ba da milimol 0.1 zuwa 0.2 a kan kowane kilo, don haka a ɗora majinyaci a sikeli. Mai babbar riga ba a ƙiyasta shi da ido. A duba kwalba kuma. Maganin mai suna Dotarem milimol 0.5 ne a kowace mililita, mai suna Gadovist kuwa 1.0. Mai kilo 60, a kan awon 0.1, zai karɓi mililita 12 na na farkon, ko 6 na na biyun. Wanda hannunsa ya saba da ɗaya aka canza masa kwalba, sai ya ninka ko ya ba da rabi. Idan awon ƙoda na eGFR ya gaza 30, a dakata a sake shawara. Mai ciki ba a ba ta sai dole. Mai shayarwa kuwa ta ci gaba da shayarwa, abin da ke fita ta nono bai kai kashi 1 cikin 1,000 ba. Da yake na'urar maganaɗisu ce, tambayar ƙarfe a yi ta filla-filla: ɗan kunne, laya, guru, kwalli a ido, da ɓurɓushin harsashi a jiki, wanda mutum ba zai ambata ba sai an kira sunansa.

Bayan allura a jira aƙalla minti 10. Wanda ya yi gaggawa zai tarar jinin cikin zuciya na da haske daidai da tabon da ke manne da shi, iyakarsu ta ɓace. A wannan jiran ake neman TI, wato lokacin da lafiyayyar tsoka za ta koma baƙa ƙirin. Ana ɗaukar jerin hotunan gwaji na yanki ɗaya, kowanne da nasa TI. Jini ne ke fara baƙi, tsoka ta biyo baya. A na'ura mai ƙarfin maganaɗisu tesla 1.5, TI yakan faɗo wajen milisakan 250 zuwa 300, amma ba lambar da za a rubuta a bango a riƙa kwafa ba ce. Maganin na ta fita daga jiki, don haka TI na ta hawa. A riƙa ƙara ɗan kaɗan, kamar milisakan 10, duk bayan 'yan mintuna. Idan wuta ta yi gardama ko majinyaci ya nemi hutu, a sake gwajin daga farko.

In za a kuskure, gara TI ya zarce kaɗan. Ya yi tsawo, tsoka za ta yi toka-toka amma tabo na nan a fili. Ya yi gajere, tsokar za ta yi toka da baƙin zare a gefenta, tabon kansa ya dushe, har a ce babu. Salon ɗaukar hoto da ake kira PSIR na rage wannan wahala, sai dai bai kawar da gwajin ba. Idan kuwa tsoka ta riga jini yin baƙi, ko ta ƙi baƙi sam, kada a zargi na'ura, a yi tunanin ciwon amiloyid, wato taruwar wani gurɓataccen furotin a tsokar zuciya.

Sai numfashi. Kowane yanki na buƙatar riƙe numfashi na daƙiƙa 10 ko kusa da haka, kuma yankunan sun kai goma, daga gindin zuciya zuwa tsininta, ban da na tsaye guda uku. A koya wa mutum tun a waje, da harshen da yake ji, ko Dakarci ne ko Zabarmanci ko Fillanci: "Baba, ja numfashi. Saki. Tsaya haka." A kan sakin ake tsayawa, don a nan zuciya ta fi komawa wuri ɗaya kowane karo. A zafin Afrilu gumi kan ɓamɓare maƙalan ECG masu bin bugun zuciya, na'ura ta rasa bugun da za ta bi. A goge ƙirji a busar. Mai haki ko mai bugu marar tsari a ɗauke shi da salon bugu ɗaya hoto ɗaya. Kaifinsa bai kai ba, amma ya fi hoton da ya dagule. Duk farin da aka gani, a tabbatar da shi ta fuska biyu. Wanda ya ƙaura bayan an juya alƙiblar ɗauka, inuwa ce, ba tabo ba.

A gaban kwamfuta ne lamba ta fi kaucewa. Ana zana iyakar ciki da ta waje ta bangon zuciya, a zaɓi lafiyayyen wuri nesa da tabo, a ce duk abin da haskensa ya zarce shi da kaza, tabo ne. Wannan "kaza" ita ce rigimar. Da SD ake auna ta, wato gwargwadon yadda haske ke bambanta a cikin lafiyayyen wurin. Mizanin SD 2 na kwaso har da gefen da bai mutu ba, yana iya ninka tabon. An fi amfani da SD 5 ga tabon toshewar jijiya, SD 6 ga ciwon kaurin bangon zuciya. Hanyar FWHM, wadda ke ɗaukar duk abin da ya kai rabin hasken wurin da ya fi fari, ta fi ba da amsa iri ɗaya in an maimaita, matuƙar tabon na da farin tsakiya. Ko wacce aka bi, a rubuta sunanta a takarda. Zanen ciki ya ɗan kauce cikin jini, an ƙirƙiri tabo. A ajiye hoton zuciya mai motsi a gefe ana kwatantawa. A sabuwar toshewa kuma akan ga baƙin ɗigo a tsakiyar fari, inda ƙananan jijiyoyi suka toshe maganin bai isa ba. Kwamfuta za ta ƙirga shi lafiyayye, alhali nan ne ɓarna ta fi. Da hannu ake haɗa shi. Farin da ake gani a hoton kwanakin farko ma yakan fi na bayan watanni girma saboda kumburi.

Lissafin kansa: faɗin tabo a duka yankuna, sau kaurin yanki haɗe da tazarar da ke tsakanin yankuna, sau 1.05, wato nauyin tsoka a giram a kowace mililita. A ce faɗin murabba'in santimita 20 ne, kauri milimita 8, tazara 2. Giram 21 ke nan, kashi 15 na tsoka mai giram 140. A manta tazarar, ya koma giram 16.8, kashi 12. Ba ƙaramin abu ba ne, don a ciwon kaurin bango kashi 15 ne ake ɗauka alamar ƙarin haɗarin mutuwar farat ɗaya.

Ga mai toshewar jijiya, zurfin tabo ya fi jimillarsa magana. A binciken Raymond Kim da abokan aikinsa na shekarar 2000, kashi 78 na sassan da ba su motsi sosai amma ba su da tabo sun farfaɗo bayan an maido musu da jini. Waɗanda tabo ya ci fiye da kashi 75 na kaurinsu, ɗaya ne cikin 58. Don haka a bi sassa 17 da ake kasa ɗakin hagu ɗaya-ɗaya a faɗi zurfin, a faɗi mazaunin: daga ciki ya taso, alamar jijiya, a tsakiyar bango ko ta waje yake, a nemi wani dalili.

Hanyar na da makanta ɗaya: kwatanci take yi, tana buƙatar lafiyayyen wuri. Idan lalacewa ta bazu ko'ina daidai wa daida, komai zai yi baƙi a ce lafiya lau. Mai jegon da zuciyarta ta buɗe ta yi rauni, ciwon da yankinmu ya sani sarai, sau da yawa ba a ganin fari a hotonta. Bazazzen tabo sai wani salon hoto da ake kira taswirar T1 da lissafin ECV, wato yawan filin da ke tsakanin ƙwayoyin tsoka, wanda a lafiyayye ke wajen kashi 25. Lissafin na buƙatar awon jini na PCV, kuma na ranar ake so, ba wanda aka yi mata wata biyu baya ba kafin ta haihu.