Abin da na koya wajen haɗa rubuce-rubuce masu alaƙa a Hugo

Shafin da nake wallafa bayanan noma na gina shi ne da Hugo, manhajar da Steve Francia ya fara a shekarar 2013 da Go, wani harshen rubuta manhajar kwamfuta. Da rubuce-rubuce suka yi yawa, sai na so duk wanda ya gama karanta bayani kan ajiyar wake ya tarar da makamantansa a ƙasa. Kowane rubutu yana da jerin alamomin da na maƙala masa, irin su "wake", "ƙwari" da "rumbu", saboda haka abin da ake buƙata shi ne a ɗauki jeri biyu a fitar da abin da suka yi tarayya a kai.

Da farko na bi doguwar hanya, na saka `range`, umarnin da ke bin abubuwan da ke cikin jeri, a cikin wani `range` ina kwatanta alamomin ɗaya bayan ɗaya, amma duk rubutun da ya dace ta alama biyu sai ya fito sau biyu. Daga baya na gano cewa Hugo yana da `intersect`, umarnin da ke fitar da abin da jeri biyu suka yi tarayya a kai, kuma ana iya saka shi a cikin `where`, umarnin da ke tace shafuka, kamar haka: `where .Site.RegularPages ".Params.tags" "intersect" .Params.tags`. Layi guda ya wadatar, sai dai dole a cire shafin da ake kai, domin shi ma yana tarayya da kansa.

Inda na fi shan wahala shi ne haruffanmu. Wannan kwatanci harafi da harafi yake yi, bai san ma'ana ba. Rubutuna kan takin gargajiya ya ƙi haɗuwa da na zaizayar ƙasa, na yi ta duba umarnin da na rubuta har dare, ashe ɗaya na rubuta masa "ƙasa" a kwamfuta, ɗayan kuma "kasa" a wayar da ba ta da haruffa masu lanƙwasa. Haka kuma wani abokina na Maraɗi da ke turo min rubutu yana rubuta "ƴaƴan itace" bisa ƙa'idar Nijar, ni kuwa "'ya'yan itace" na saba, ga kuma bambancin "Noma" da "noma".

Na kwashe yini guda ina bin fayilolin ina daidaita alamomin, sannan na ajiye jerinsu wuri ɗaya, duka da ƙananan haruffa, daga nan ni da abokin nawa muke kwafo su idan za mu wallafa sabon rubutu.