Na shiga sitidiyo da furfura a gemu

Ni malamin Hausa ne a wata sakandaren gwamnati da ke cikin birnin Katsina. Aikina shekara da shekaru shi ne koya wa yara nazarin waƙa: jigo, salo, amsa-amo, ƙwar biyu da ƙwar biyar. Ɗalibaina ba su san cewa tun ina yaro nake son rera tawa ba, kuma ban rera ba sai da na haura arba'in da biyar.

Tsoron a kira ni maroƙi ne ya riƙe ni. Mu Katsinawa muna alfahari da Mamman Shata ɗan Musawa, wanda ya rasu a 1999 aka binne shi a Daura, muna alfahari da Barmani Choge ta Funtuwa. Amma mutumin da ke gyaɗa kai in an sa kalangu a rediyo, shi ne zai fara hana 'yarsa auren mawaƙi. Gidanmu kuwa gidan allo ne.

A Disambar 2020 aka sace ɗalibai sama da 300 daga sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Duk malamin da ke jihar nan ya san yadda ajinsa ya zama bayan wannan, yara na waigen taga in babur ya wuce. Na rubuta baitoci a kan yaron da ke tsoron kwana a makaranta, na karanta wa abokan aiki, sai na ga karatu bai kai su inda nake so ba. Baitocin murya suke nema.

Mahaifina ya rasu, don haka wajen yayansa na je. Na durƙusa na ce, "Baba, izini nake nema ku ba ni, in riƙa rera abin da nake rubutawa." Ya daɗe bai tanka ba, sannan ya ce, "Roƙo za ka fara da girmanka?" Na ce ba zan ambaci sunan kowa don ya ba ni ba. Ya ce, "In ka riƙe wannan, je ka, Allah ya yi albarka."

Mai sitidiyon da na samu wajen Ƙofar Ƙaura tsohon ɗalibina ne. Shi ya nuna mani cewa waƙar da ta zauna daram a takarda tana iya ƙin zama a kan kiɗa. Yakan haɗa kiɗan a fiyano, ya sa mani abin ji a kunne, in fara, sai ya tsayar: "Malam, ku yi haƙuri, ɗangon nan ya yi tsawo, kun riga kiɗan isa." Gaɓa mai nauyi da marar nauyi da nake zanawa a allo, a nan na ji su a ƙirjina. Ɗango, wato layi guda na baiti, in gaɓa ɗaya ta yi masa yawa, dole ka haɗiye wata kalma ko ka karya karin sautinta, kuma Bahaushe na jin an karya sauti zai daina sauraren ma'ana. Haka na zauna ina rage kalmomin da nake ƙauna. Yanzu ba na rubuta baiti sai na rera shi tukuna, ina buga tebur da yatsa.

Muryar aji ma daban take. Malami daga maƙogwaro yake ɗaga murya don na baya su ji, ga ƙurar alli, ga hunturu. Waƙa kuwa daga ciki numfashinta ke tasowa. Na koma ɗauka ranar Asabar ko lokacin hutu, da safe, bayan ruwan ɗumi da zuma da citta. Na kuma roƙe shi kada ya bar kwamfuta ta goge mani murya har ta koma ta saurayi. Maganar da nake yi ta dattijo ce, gara a ji dattijo.

Kuɗi dai babu. Daga albashi nake biyan sitidiyo da 'yan amshi, waƙar ta bi WhatsApp da masu tura waƙoƙi a waya a kasuwa, ko sisi ba ya dawowa. Ana shirin zaɓen 2023 aka zo mani da tayin waƙar siyasa, kuɗin ya fi albashina na watanni, ga kuɗin makarantar yara na jira. Na kwana ina juyi, na ce a'a. Alkawarin Baba na nan, kuma iyayen ɗalibaina suna cikin kowace jam'iyya, ban ga yadda zan zagi gwanin mutum da dare in tsaya gaban ɗansa da safe ba.

A hutu mai zuwa zan ɗauki waƙa a kan karatun 'ya'ya mata. Ɗalibaina na aji biyar ne za su yi amshi, kuma na fara bin gidajensu ina neman yardar iyaye.