Abin da Tarihin Kamfanin Eccles Ya Koya Mini Game da Nauyi

A shekarar 1919, a birnin Birmingham na Ingila, wani dattijo mai suna Riley da ɗansa Bill suka fara ƙera ɗakunan kwana masu taya, irin tafi-da-gidanka ɗin nan da ake ɗaura wa mota ta ja. Sunan kamfaninsu Eccles. Kafin su, galibin irin waɗannan ɗakuna dawakai ne ke jan su. Wanda ya fi shahara shi ne na wani likita, William Gordon Stables, da aka ƙera masa a Bristol a 1885 da katako mai tsada, nauyinsa ya kai wajen tan biyu, dawakai biyu ke fama da shi. Doki ba ya sauri, saboda haka nauyi bai dami kowa ba. Da mota ta shigo sai lissafin ya canza gaba ɗaya.

Ni sana'ata walda ce da haɗa bodi, kuma wannan tarihi na ci karo da shi ne lokacin da aka kawo mana aikin wata ƙaramar tirela da za a mayar ɗakin duba marasa lafiya a ƙauyuka. Na shiga neman yadda waɗanda suka riga mu suka yi, sai na ga ashe matsalar da ke gabana ita ce ta sha kan su Riley shekara ɗari da suka wuce.

Motocin wancan zamani ba su da ƙarfi. Austin 7, wadda aka fara ƙerawa a 1922 a can Birmingham ɗin, injinta bai kai lita ɗaya ba. Duk mai son ya sayar wa masu ƙananan motoci ɗaki, dole ya manta da yadda ake gina keken doki. Sai aka koma firam na katako marar nauyi, aka lulluɓe shi da siraran allunan katako, aka rage tayoyi daga huɗu zuwa biyu a tsakiya. Ƙarfin ɗakin ya koma yana fitowa daga yadda aka haɗa sassan suka riƙe juna, ba daga kaurin kowane sashe ba.

Wannan ne ya fi tsaya mini a rai, domin a garejinmu akasin haka muke yi. Mai aiki zai zo ya ƙwanƙwasa ƙarfe da yatsa, in ya ji kauri sai ya ce, "Yawwa, maigida, wannan shi ne aiki." Mu ma da son a yaba mana sai mu ƙara masa. Ba wanda ke tambayar wace mota ce za ta ja, a kan wace hanya, kuma birkinta zai iya tsayar da su biyun a gangara ko a'a. Duk kilo ɗin da ka ƙara don a ce ka yi aiki mai ƙwari, injin wani ne zai biya, da tayarsa, da mansa. Wani lokacin ma da ransa.

Kuma ba yawan nauyin kaɗai ba ne, har da inda ya zauna. Idan kaya suka taru a bayan tayoyi, da an ɗan taka mota sai tirela ta fara lilo hagu da dama, tana kaɗa motar har ta ƙwace wa direba. Idan suka taru a gaba, sai su danne bayan motar, tayoyin gaba su rasa kamun ƙasa. Shi ya sa masu wannan sana'a ke so nauyin da ke sauka a kan ƙugiyar da ke haɗa tirela da mota ya kasance wajen kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari na nauyin ɗakin da kayansa. A dokar Birtaniya kuma, tirelar da ta wuce kilo 750 sai da birkinta na kanta. Yanzu kafin in kunna injin walda, sai na zauna da takarda na rubuta inda tankin ruwa zai zauna, da batir, da tukunyar gas. Yaran shago sun san ba tirelar da za ta fita sai an ɗora bakinta a kan sikeli.

A 1927 Eccles suka koma sabuwar masana'anta a unguwar Stirchley wadda aka gina musamman don wannan aiki, suka riƙa fitar da samfuri iri ɗaya da yawa maimakon kowane mai saye da nasa fasalin. Wannan ma darasi ne, amma ban kai can ba tukuna. Aikinmu har yanzu ɗai-ɗai yake zuwa.

Ƙarshen labarin Eccles yana ba ni tausayi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu wani matashi, Sam Alper, ya fito da nasa ɗakin mai suna Sprite, mai sauƙin nauyi da sauƙin kuɗi, ƙasa da fam 200. A 1952 ya ɗaura shi a mota da kansa ya zagaye ƙasashen bakin tekun Bahar Rum, tafiyar wajen mil dubu goma, don mutane su ga abu marar nauyi ma yana jure wahala. A 1960 shi ne ya saye Eccles, aka kwashe aikin daga Birmingham zuwa Newmarket. Da makamin da su Riley suka kayar da masu keken doki, da shi aka karɓe kamfaninsu.