Godiya ga waɗanda suka tsaya mana a ɗakin kwamfuta

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, ɗalibanmu sun kammala jarabawar aikin hannu lafiya, kuma ya zama wajibi in fito fili in gode wa waɗanda suka tsaya mana lokacin da sabobinmu, wato manyan kwamfutocin da ɗalibai ke shiga su yi aiki, suka so ba mu kunya.

Sunayen ɗalibai da kalmomin sirrinsu duk suna cikin LDAP, rumbun da ke ajiye bayanan masu amfani da kwamfuta, kuma SSSD, manhajar da ke duba mai shiga a wannan rumbun, na tantance kowa daidai. Amma ɗalibi zai shiga ta SSH, wato hanyar shiga saba daga wata kwamfutar, sai sabar ta ce ba ta ga foldarsa a /home ba, inda ake ajiye foldar kowane mai amfani, ta ajiye shi a tushen faifai inda ba shi da ikon adana ko harafi ɗaya. Masu zama gaban allo kuwa, da sun sa kalmar sirri sai allon ya yi baƙi, ya mayar da su inda suka fito. Haka muka duƙufa muna ƙirƙirar foldoji da hannu, da umarnin mkdir mai buɗe folda da na chown mai miƙa ta ga mai ita, ɗaya bayan ɗaya, ga layi har bakin ƙofa.

Injiniya, babban yayanmu a wannan aiki, Allah ya saka maka da alheri. Ka baro ofishinka bayan la'asar ba tare da an biya ka ko kwabo ba. A injinan Ubuntu (wani nau'in tsarin Linux), da umarnin pam-auth-update kawai ka kunna pam_mkhomedir, manhajar da ke buɗe folda da kanta: duk wanda ya shiga karon farko, nan take a buɗe masa foldarsa, a kwafo masa abin da ke /etc/skel, ma'ajiyar fayilolin farko na kowane sabon mai amfani. Sabar Rocky Linux ce ta yi taurin kai saboda SELinux, tsarin tsaron da ke cikinta. Wasu suka ce a kashe shi a huta, ka ƙi. Ka girka oddjob-mkhomedir, manhajar da ke buɗe folda ba tare da ta saɓa wa SELinux ba, ka tayar da oddjobd mai tafiyar da ita, ka kunna zaɓin with-mkhomedir ta umarnin authselect, aiki ya tafi, tsaro na nan daram.

Abin da ya fi burge ni, sai da ka tsaya ka sa umask 0077, saitin da ke kulle folda ga kowa sai mai ita, don kada wani ɗalibi ya leƙa foldar ɗan'uwansa ya kwafi amsa. A lokacin jarabawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Hajiya mai kula da ɗakin, mun gode da yadda kika riƙa shigo da ɗalibai rukuni-rukuni cikin natsuwa. Baba mai janareta, Allah ya ƙara lafiya, ka zauna da mu har bayan isha'i. Ku kuma ɗalibai, mun gode da haƙurinku, Allah ya ba ku sa'a a sakamako.