Abin da Cibiyoyi Goma Sha Shida Suka Koya Mini

Lokacin da na fara binciken digirina na uku a kimiyyar kwamfuta, burina shi ne in ƙara wa kwamfaila wani sashe da zai karanta manhaja, ya gano ayyukan da za a iya rarraba wa cibiyoyin furosesa, wato sassan ƙwaƙwalwar kwamfuta da kowanne yake iya yin lissafi da kansa, su yi su a lokaci guda, ya kuma rarraba su ba tare da marubucin manhajar ya taɓa ko harafi ɗaya ba. Kwamfaila dai ita ce tafintar da take juya umarnin da ɗan adam ya rubuta, a harshe irin C ko Fortran, zuwa harshen da na'ura take ji, kuma tun daga kwamfailar Fortran da John Backus da tawagarsa suka fitar a kamfanin IBM a 1957, ana sa ran za ta gyara umarnin ya fi sauri, ba ta tsaya ga fassara kawai ba. Abin da ya sabunta wannan buƙata a zamaninmu shi ne, daga wajen 2005 saurin cibiya ɗaya ya daina hauhawa yadda aka saba saboda matsalar zafi da cin wuta, sai masu ƙera furosesa suka koma tara cibiyoyi da yawa a guntu ɗaya. Manhajar da ba ta iya raba aikinta ba, cibiya ɗaya za ta yi ta wahalarwa, sauran suna zaman kashe wando.

Na gina aikina a kan LLVM, wani tsarin gina kwamfaila wanda Chris Lattner da Vikram Adve suka faro a Jami'ar Illinois a 2000, saboda an tsara shi yadda mutum zai iya saka nasa sashen a tsakanin sauran. Manhajar gwajina kuma ƙarama ce: tana lissafa yadda zafi yake bazuwa a kan farantin ƙarfe, inda aka yanka farantin gida-gida, sabon zafin kowane gida kuma ya zama matsakaicin na maƙwabtansa huɗu. Tana karantawa daga tsohon tebur, ta rubuta a sabo, ta maimaita har canjin ya zama bai taka kara ya karya ba.

Murnata ta farko ta koma ciki a cikin kwana ɗaya. Gwajin ya ƙare kafin in ɗaga yatsa daga maɓalli, na ɗauka na yi abin tarihi, ashe na manta ban sa manhajar ta buga sakamakonta ba, kwamfaila kuwa da ta ga babu mai amfani da lissafin sai ta share shi baki ɗaya. Tun daga ranar ba na yarda da awon lokaci sai na buɗe umarnin na'urar da aka fitar na karanta da idona.

Matsala ta gaske ta biyo baya. Sashen da na rubuta ya ƙi raba zagayen da yake bin gidajen farantin ɗaya bayan ɗaya, wanda kowa zai rantse a kan cewa yana rabuwa. Tun 1966 Arthur Bernstein ya bayyana sharuɗɗan da suke halatta wa ayyuka biyu tafiya tare: kada ɗaya ya rubuta a inda ɗayan yake karantawa, kada kuma su rubuta a wuri ɗaya. Ni na san teburan nan biyu daban suke, amma kwamfaila adireshi biyu kawai take gani, kuma harshen C bai hana su nuni zuwa wuri guda a cikin ma'adanar kwamfuta ba. Na ji haushi a lokacin, amma daga baya na gane gaskiyarta: kwamfaila ba ta da izinin yin zato, domin idan ta yi daidai sau dubu ta yi kuskure sau ɗaya, ta ɓata sakamakon wani a ɓoye, shi kuwa ba zai taɓa zarginta ba. Wannan ne ma ya sa Fortran, wanda dokarsa ta taƙaita irin wannan cuɗanya, ya daɗe yana da farin jini a wurin masu lissafin kimiyya, ya kuma sa aka shigar da kalmar restrict cikin C a 1999 domin marubuci ya yi wa kwamfaila alkawarin cewa adireshin ba su haɗu ba. Mafitar da na bi tsohuwa ce: sashen ya fitar da zagayen iri biyu, mai rabuwa da marar rabuwa, sannan a duba adireshin a lokacin aiki a zaɓi wanda ya dace.

Da aikin ya rabu a kan cibiyoyi 16, na zauna ina jiran ninki goma sha shida, sai ga shi saurin da aka samu bai kai ko rabin haka ba. Makonni na yi ina zargin sashena kafin in gano mai laifin, wanda bai wuce layi ɗaya ba. Kowace cibiya tana tara jimillar canjin da ta gani a nata gurbin, a cikin wani ɗan jeri mai gurbi 16, kuma babu wadda take taɓa gurbin 'yar'uwarta, don haka a takarda babu karo. Sai dai furosesa ba ta ɗauko lamba ɗaya daga ma'adana. Takan ɗebo layi guda mai bayit 64 ta ajiye a ƙaramar ma'ajiyar da ke kusa da cibiyar, lambobina kuma kowace bayit 8 ce, wato gurbi takwas suna cikin layi ɗaya. Duk lokacin da wata cibiya ta rubuta a gurbinta, sai kwafin layin da ke hannun sauran bakwai ya lalace, dole su sake nemo shi. Haka layin nan ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu sau miliyoyi, cibiyoyin suna jiran juna a kan abin da babu wadda ta haɗa da wata. Da na sa kowace ta tara jimillarta a keɓe, ta rubuta sau ɗaya a ƙarshe, awon ya yi tsalle nan take. A nan na fara fahimtar cewa yawancin lokacin da nake ƙoƙarin ragewa jiran isowar bayanai ne yake cinye shi, lissafin kansa kaɗan ne.

Sai kuma wani abu ya ɓullo wanda ya fi tayar mini da hankali: sakamakon ya riƙa bambanta a lambobin ƙarshe daga gwaji zuwa gwaji, har wani lokaci manhajar takan tsaya da ƙarin zagaye ɗaya. Na je wurin malamin da yake duba aikina da shirin amsa laifi. Ya saurare ni, ya ce, "Tara 0.1 da 0.2, sannan ka ƙara 0.3. Ka sake, amma ka fara da tara 0.2 da 0.3." Na farko ya ba da 0.6000000000000001, na biyu ya ba da 0.6. Na ce, "Malam, ke nan tarawar ma ba ta da tabbas?" Ya ce tana da shi, muddin ban sauya jerin da ake bi ba, domin a ƙa'idar IEEE 754 ta 1985, wadda ta tsara yadda kwamfuta take lissafi da lambobi masu ɗigo, ana daidaita kowace amsa zuwa lamba mafi kusa da za ta shiga gurbin da ake da shi, kuma cibiyoyina suna miƙa jimillolinsu ne bisa wadda ta riga gamawa. Saboda haka ne kwamfailoli irin su GCC da Clang ba sa sauya jerin irin wannan tarawa sai an ba su izini ƙarara.

Ko bayan duk gyare-gyaren nan ban kai ninki 16 ba, kuma Gene Amdahl ya riga ya faɗi dalili tun 1967. Idan kashi 10 cikin 100 na aiki ba ya rabuwa, kamar karanta fayil ko haɗa sakamako, to cibiyoyi 16 ba za su wuce ninki 6.4 ba, kuma ko an tara dubu ba za a kai ninki 10 ba. Na san wannan lissafin tun ina aji biyu, na kuma amsa shi a jarrabawa, amma ban taɓa auna kason da ba ya rabuwa a cikin manhajata ba sai bayan da na ɓata watanni ina gyara kason da ya riga ya rabu.

Daga nan alkiblar binciken ta sauya. Na karanta ayyukan Frances Allen ta IBM, wadda ta shimfiɗa tubalin nazarin yadda umarni da bayanai suke gudana a cikin manhaja, ta kuma zama mace ta farko da ta samu lambar yabo ta Turing, wadda ake ba wa masana kimiyyar kwamfuta, ta shekarar 2006, sai na lura cewa nazarin da kwamfaila take yi yana da daraja ko da ya ƙare da ƙin yin gyara. Sashen da na miƙa a ƙarshe yana raba abin da ya iya tabbatar da halaccinsa, inda kuma ya kasa, sai ya rubuta wa marubucin manhajar lambar layin, da sunayen teburan da yake shakka a kansu, da tambayar da amsarta za ta warware shakkar. Abokan aikina uku da suka gwada shi a kan nasu manhajojin, wannan rahoton suka fi buɗewa, ɗaya daga cikinsu ma ya kashe sashen rabawar ya bar rahoton kaɗai, yana bin layukan yana saka umarnin raba aiki na OpenMP da hannunsa.