Hoton da ya fi kuɗin aikinsa nesa ba kusa ba

Sana'ata sa hotuna a firam. Yawancin aikin da ke shigowa ba ya hana ni barci, domin in ya lalace za a sake bugawa. Wanda ke sa ni natsuwa shi ne hoton da ba shi da na biyu, ko wanda mai ɗaukarsa ya sa wa hannu ya rubuta lamba a gefe, alamar ƙwaya kaɗan aka buga. Kuɗin aikin bai taka kara ya karya ba, amma ka ɓata shi ka gani, ribar shekara ba za ta biya ba.

Gardamata da masu hoto kusan kullum ɗaya ce: suna son hoton ya kwanta sumul. Hanya mai sauƙi ita ce a manna shi a kan kwali da injin matsewa mai zafi, kuma gaskiya yana yin kyau. Sai dai da wuya ya sake ciruwa lafiya. Tambari da rubutun da ke bayansa, waɗanda ke tabbatar da asalinsa, sun rufe, darajarsa kuma ta faɗi a idon masu saye. Ba na yi wa hoto mai daraja haka, ko da mai shi ya nace. Nakan saƙala kusurwoyinsa cikin 'yan aljihunan takarda, ko in rataye shi da siririyar takardar Japan da gam ɗin sitacin alkama, wanda ɗan danshi ke sake shi. Zai ɗan lanƙwasa idan yanayi ya canza, nakan kuma faɗa wa mutum haka tun da wuri. Salatif kuwa ko kusa, domin tabonsa ba ya fita.

Gilashi ma bai kamata ya taɓa fuskar hoto ba. Fuskar yawancin hotunan da aka wanke a ɗakin duhu jelatin ce, wato wani sinadari mai kama da gam, da ta ja danshi sai ta manne wa gilashin, ranar da aka zo buɗewa ta biyo shi. Shi ya sa ake sa kwali mai taga a tsakani, na auduga, marar asid. Kwali mai arha shi ke barin zanen nan mai ruwan ƙasa a kewayen tsofaffin hotuna. Akwai gilashi mai tare hasken UV, wato hasken nan da ido ba ya gani mai koɗar da hoto, amma ba lasisin rataye hoto a rana ba ne.

Kowane hoto da halinsa. Na ƙarni na 19 da ake yi da farin ƙwai takardarsa siririya ce, tana naɗewa, fuskarta na tsattsagewa. Daguerreotype, wanda aka gabatar a Faransa a 1839, faranti ne na tagulla da aka shafe da azurfa. Yatsa ɗaya ya isa ya goge hoton. Irin wannan ba na buɗe shi, wurin ƙwararren mai adana kayan tarihi nake tura mai shi.

Kafin in karɓi aiki, sai ni da mai shi mun duba hoton tare ƙarƙashin fitila, da safar hannu. Mu rubuta duk wani tabo ko yagewa, in ɗauki hotonsa gaba da baya, ya faɗi ƙimarsa, mu sa hannu. Idan ƙimar ta wuce abin da inshorata ta ɗauka, nakan ce masa: "Ranka ya daɗe, yi haƙuri, wannan ba zai kwana a hannuna ba."